Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Wuta da shugabannin NNPC, NDPHC da NERC: don Allah a daina barin zafin injinan gas ɗinmu yana bin iska

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ranku ya daɗe.

Ni dai ba ɗan siyasa ba ne kuma ba kwangila nake nema ba, ma'aikacin boila ne, wato babbar tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi a masana'anta, ƙuruciyata a ɗakin tururi na wata masaƙa a Kakuri na yi ta kafin masaƙun su durƙushe ɗaya bayan ɗaya, daga nan neman abinci ya kai ni kudu na shekara da shekaru a wata tashar wuta mai aiki da gas, yanzu kuma na dawo gida Kaduna. Abin da ya sa na zauna nake danna wannan doguwar wasiƙa a waya shi ne bututun gas ɗin nan na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna ya dire a Kano, aiki ya yi nisa, kuma ana ta maganar tashoshin wutar da za a dasa a kansa, ta Gwagwalada ma an aza harsashinta tun Agustan 2023. Wallahi ina murna, amma murnar tana haɗe da fargaba, tsorona kar a zo nan arewa a maimaita abin da na shekara ina kallo da idona a can yana ci mini rai.

Bari na ba ku labarin wani dare. Ina aikin dare, injin yana ɗauke da lodi sosai, a allon kwamfutar ɗakin kula da injin lambar zafin salansa tana tsaye a kan digiri 540 da ɗoriya, wannan lambar kullum muna ganinta har mun daina ganinta. Akwai wani yaro ɗalibi da aka turo mana koyon aiki, muka fita zagaye da shi wajen ƙarfe biyu, muka tsaya nesa da bututun hayaƙin. Ba hayaƙi fa ake gani ba, gas ba ya baƙin hayaƙi irin na gas ɗin mota, abin da kawai za ka gani shi ne taurarin da ke bayan bakin bututun suna rawa kamar kana kallonsu ta cikin ruwa, ga kuma rugugi kamar jirgi zai tashi amma ya ƙi tashi. Yaron ya ce, Oga duk wannan zafin ina yake zuwa? Na nuna masa sama. Ya ce shi kenan? Na ce shi kenan. Daren nan ban iya cin abincin da na zo da shi ba, domin tambayarsa ta mayar da ni Kakuri, lokacin da muke ƙona baƙin mai tanka bayan tanka don kawai mu samu tururin da bai kai digiri 200 ba na rini da busar da atamfa, ana ƙirga mana kowace lita, ranar da tanka bai zo ba ɗaruruwan mutane su zauna a ƙofar masaƙa babu aiki. Ga shi nan kuma zafin da ya kusa ninka wancan sau uku muna sakinsa dare da rana, damina da rani, ba mai ko ɗaga kai.

Na san a cikinku akwai injiniyoyin da suka fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma tunda wasiƙar a buɗe take kowa zai karanta, ku yi mini haƙuri na yi bayani yadda mai sayar da ƙanƙara a Sabon Gari da tela a Tudun Wada za su gane, don su ne suke biyan kuɗin. Injin tabain na gas iska yake zuƙa, kwampreso ya matse ta, a fesa mata gas a cinna wuta, zafin ya haura digiri 1,000, wannan iskar mai zafi ta bugi farfelu ta juya su, su kuma su juya janareta. Fiye da rabin ƙarfin da farfelun suke samarwa ma kwampreson ne yake cinye shi, ragowar ce take zama wuta. To iskar da ta gama aikinta ta fito, har yanzu tana tsakanin digiri 500 zuwa 600. Idan injin yana aiki shi kaɗai, wanda mu a wurin aiki muke ce wa ofin saikul, wato buɗaɗɗen tsari, a cikin kashi 100 na ƙarfin gas ɗin da aka ƙona abin da yake zama wuta bai wuce kashi 30 zuwa 37 ba, irin injinan da muke da su da shekarunsu da zafin ƙasarmu ka ce kashi ɗaya cikin uku kawai. Sauran biyun? Yawancinsu su ne suke sa taurari rawa. Kuma kar a manta wannan gas ɗin an biya kuɗinsa cif, da dala ake ƙiyasta farashinsa, kuma a ƙarshe yana cikin bil ɗin da ake kawo wa talaka.

Babu matar da ta san darajar itace da za ta sauke tuwo ta bar garwashi yana ci a banza, nan take za ta ɗora tukunyar ruwan wanka ko ta tura wake ya fara dahuwa, mai shayi ma butarsa ta biyu tana gefen wuta. To wallahi maganar ke nan, ba wani siddabaru a ciki. Maimakon salansa ta miƙe sama, sai a karkatar da ita ta bi ta cikin wani ƙaton akwati mai tsayin bene hawa da yawa wanda aka cika shi da dubban bututun ƙarfe masu ƙaya-ƙaya a jiki, ruwa yana gudu a cikinsu. Ruwan ta ƙarshen akwatin yake shiga inda iskar ta fara hucewa, ya ɗumama, ya matsa tsakiya ya tafasa ya zama tururi, tururin ya matsa can gaba kusa da bakin injin inda zafi ya fi tsanani ya ƙara ƙuna har ya bushe ƙarau babu ɗigon ruwa a cikinsa, sannan a sake shi kan wani tabain ɗin na tururi shi ma ya juya nasa janaretan. Tururin da ya gama aiki a sanyaya shi a kondensa ya koma ruwa, famfo ya mayar da shi akwatin, haka zai yi ta zagaye. Iskar da ta shiga da digiri 540 sai ta fita da wajen 100. Boila ce dai irin wadda na sani tun ina saurayi, bambancin kawai ita wannan ba a hura mata wuta, da sauran wutar wani take girki. Wannan shi ne kwambain saikul, haɗaɗɗen tsari, kuma ƙa'idar da kowa ya sani a harkar ita ce injinan gas biyu suna ciyar da na tururi ɗaya mai ƙarfin kusan ɗaya daga cikinsu, wato ƙarin rabin abin da kake samu, ba tare da ka ƙara ko cokali ɗaya na gas ba. Daga kashi 33 sai ka koma kashi 50 ko sama, manyan injinan zamani ma sun haye 60, wata tasha a Bouchain ta ƙasar Faransa ta kai kashi 62 da ɗigo a 2016.

Kuma ba sai mun je Turai ba ranku ya daɗe. Ghana ga ta nan, tashar Takoradi ta biyu a Aboadze megawat 220 take bayarwa da injinan gas biyu, suka ɗora mata boila da injin tururi aka gama a 2015, ta koma 330, man da take sha bai ƙaru ba. Kodibuwa, tashar Azito da ke Abidjan, a shekarar dai ta 2015 ta tashi daga wajen megawat 290 zuwa 430 ta wannan hanyar. Masar kuwa ita ba wasa ta yi ba, da kamfanin Siemens suka gina tashoshi uku a Beni Suef da Burullus da sabon babban birninsu, kowace megawat 4,800, aka buɗe su a 2018, dukkansu haɗaɗɗen tsari. Kowace ɗaya a cikinsu ta kai abin da Najeriya gaba ɗaya take rabawa a babban layi a rana mai kyau. Mu da muka fi duk waɗannan ƙasashen arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A nan gida ma ai ba baƙon abu ba ne. Okpai a jihar Delta megawat 480 tun 2005 haɗaɗɗen tsari ce, Afam ta shida a jihar Ribas megawat 650 haka, Olorunsogo ta biyu a Ogun da ɓangaren tururinta aka gina ta. Amma ku dubi sauran. Tashoshi goma na NIPP, shirin gwamnati na gina tashoshin wuta da aka faro zamanin Obasanjo, waɗanda ke hannun kamfanin gwamnati na NDPHC, Geregu ta biyu, Omotosho ta biyu, Ihovbor, Sapele, Kalaba, Gbarain da sauransu, kusan duka buɗaɗɗu ne. Alaoji a Abiya da ɓangaren tururi aka zana ta a takarda, aka ce a fara da injinan gas tukuna, shekaru suka yi ta wucewa ana jiran kashi na biyu. Azura da ke Edo wadda aka gama a 2018, megawat 461, ita ma buɗaɗɗiya ce. Na fahimci dalilin lokacin, ana cikin duhu ana gaggawa, buɗaɗɗen tsari ya fi arha wajen gini kuma ya fi saurin kammaluwa, aka ce a samu wutar tukuna daga baya a rufe, wato a ɗora musu boila da injin tururi. To ai daga bayan ce ba ta zuwa, kuma wannan kalmar ta kashi na biyu ita nake tsoro a kan tashoshin AKK, don na ga yadda takarda take cewa haɗaɗɗen tsari a kashi-kashi, a yanka kirtani a kan kashi na farko a yi hoto kowa ya watse.

Ku ɗauki Geregu kawai tunda ita ce a bakin ƙofar arewa, a Ajaokuta inda bututun ya faro. Ta farko injina uku ne na Siemens da aka buɗe a 2007 da megawat 414, ta biyu ta NIPP megawat 434, a haɗe sun haura 840, ga kogin Kwara kusa da su. In aka rufe su duka biyun, lissafin rabi yana ba ka wajen megawat 400 sabo. Ranku ya daɗe, abin da ake ba KEDCO ta raba wa Kano da Katsina da Jigawa, jihohi uku da miliyoyin mutanensu da duk masana'antunsu, a yawancin ranaku bai kai 400 ɗin nan ba. Wato wutar jihohi uku tana fita ta saman bututu a wuri ɗaya. Duk wanda yake arewa a watan Oktoban 2024 ya san abin da rashin wuta yake nufi, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ɗayan layin da ya biyo ta Makurɗi shi ma ya faɗi, muka kwana fiye da mako a duhu, na ga maƙwabcina mai sayar da kifi da kaji yana fito da kayan firizarsa yana rabarwa kafin su lalace, yana yi yana share hawaye, jarinsa ke nan gaba ɗaya. Wancan matsalar layi ce na sani, amma ita ta nuna mana cewa dole arewa ta samu tashoshinta a kusa da ita, kuma in za a gina su to a gina masu tatse gas ɗin har ƙarshe.

Na san amsar da za a ba ni don na sha jinta a bakin manyana. Za a ce Malam ai injinan da muke da su ma rabinsu a kashe suke saboda babu gas, ƙasar da take da injinan megawat 13,000 a girke amma tana raba 4,000 zuwa 5,000, me za ta yi da ƙarin inji? To ni a ganina wannan hujjata ce ba tasu ba. In gas ne ya yi ƙaranci ai sai a fi tattalinsa. Yunit ɗaya na wuta a injin da yake ba da kashi 33, da yunit ɗaya a wanda yake ba da kashi 50, na biyun gas ɗin da ya ci ya gaza na farkon da kashi ɗaya cikin uku. Tashar da take da injina huɗu amma gas ɗin biyu kawai take samu, in biyun nan suna da boila a bayansu sai ta ba da wutar uku da gas ɗin biyun. Ban ce a bi kowace tasha a rufe ba, wadda ake kunnawa awa uku da yamma a kashe ba za ta mayar da kuɗin ba, gara a bar ta yadda take don saurin tashinta yana da amfani. Amma waɗanda suke aiki dare da rana kuma gas ɗinsu yana zuwa, waɗannan kam babu uzuri.

Sai maganar kuɗi, ita ce gaskiyar matsalar. Boila da injin tururi da kondensa da wurin tace ruwa kuɗi ne masu nauyi, da dala, kuma aikin yana cin shekara biyu zuwa uku. Kamfanonin samar da wuta suna bin bashin tiriliyoyin naira, wanda ba a biya shi na jiya ba wane banki zai ba shi rancen gobe? Wannan a wuyan gwamnati yake, a biya su. Amma akwai wani abu da yake hannun NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta da farashinta, kai tsaye. Tun lissafin farashin 2012 injin da aka ɗauka ma'auni wajen yanke kuɗin samar da wuta buɗaɗɗen tsari ne, kuma kuɗin gas wucewa yake yi kawai ya sauka kan mai mita. To wanda aka ce masa ƙona ko nawa ne za a biya maka, me zai sa ya ciwo bashi don ya rage ƙonawa? Tun Afrilun 2024 da aka mayar da 'yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, naira 225 kowane yunit mutane suke kuka, ana ce musu ai tsadar gas ce da dala, amma ba a gaya musu kashi biyu cikin uku na gas ɗin da suke biya bai taɓa zama wuta ba. Ina roƙon NERC ta riƙa wallafa wa jama'a, tasha bayan tasha, gas nawa kowace ta ƙona ta ba da yunit nawa, kowane wata, kuma a gyara tsarin yadda wanda ya rufe injinsa zai ci ribar tattalin da ya yi na wasu shekaru har ya fanshe kuɗinsa, a kuma fara ba shi gas da layi kafin wanda yake ɓarnatarwa.

Akwai kuma gaskiyar da ni mai boila zan faɗa ko da ba ta goyi bayana ba, boila ba ta son wasa. Injin gas in babban layi ya faɗi zai tsaya, a sake tayar da shi cikin mintuna. Boila kuwa ƙarfe ne mai kauri da ya yi zafi, in aka yi ta kashe shi ana kunnawa ba shiri yana miƙewa yana tsukewa, wata rana walda ta tsage. Layinmu da yake faɗuwa sau da yawa a shekara abokin gabar boila ne, saboda haka dole a sa mata ƙofar kaucewa da bututun hayaƙi na biyu, yadda in ɓangaren tururi ya samu matsala injin gas zai ci gaba shi kaɗai. Sannan ruwa. Ruwan boila ba ruwan famfo ba ne, ruwa ne da aka cire masa duk wani gishiri da ƙasa, ana auna shi kowane shif. Na taɓa ganin bututun da aka yanko daga wata boila da aka yi sakaci da ruwanta wata shida kacal, cikinsa ya yi farin dutse kamar gindin tsohuwar butar shayi, ramin da ya rage ɗan yatsana bai shiga ba, an ƙi sayen sinadarin kuɗi kaɗan aka yi asarar miliyoyi. Wannan aikin mutane yake buƙata, kuma mutanen suna nan, tsofaffin ma'aikatan boila na masaƙun Kaduna da Kano da matatar mai wasu suna tuƙa Keke wasu suna gadi, ga yaran Kadpoly da ABU da BUK suna fitowa babu inda za su taɓa ƙarfe. A haɗa su tun yanzu kafin tsofaffin su ƙare.

Yanzu ga abin da ya shafi arewa musamman, kuma nan nake so NNPC ta saurare ni da kyau. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin tabain an auna shi ne a iska mai digiri 15. Kano a watan Afrilu digiri 40 ne ko fiye. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kwampreso yana zuƙa amma abin da yake samu kaɗan ne, saboda haka injin da aka ce maka megawat 100 ne da tsakar ranar bazara da ƙyar zai ba ka 85, daidai lokacin da kowa yake neman fanka. Maganin shi ne a sanyaya iskar kafin ta shiga. Hanya ɗaya irin ta randa ce, a bi da iskar ta cikin jiƙaƙƙen abu ruwan ya tsotse zafin, kuma wannan ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu fiye da ta Legas ko Fatakwal mai laima. Hanya ta biyu kuma ta dawo da mu kan salansa. Waɗanda suka manyanta za su tuna firijin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye, ɗan lagwani yana ci a ƙasa, a sama kuma ƙanƙara. To akwai manyan injinan sanyi masu aiki da wannan dabarar, zafi suke ci su ba da ruwan sanyi, sai a ɗebi kaɗan daga tururin salansa a ba su, ruwan sanyin ya sanyaya iskar da injin yake shaƙa, zafin bayansa ya zama sanyin gabansa. Ƙurar hunturu kuma a yi mata tanadin filta na gaske tun a zane, don na ga abin da ƙura take yi wa farfelun kwampreso.

Za a ce arewa babu ruwan sanyaya kondensa. Akwai kogin Kaduna, akwai Tiga da Challawa, amma ni ma ba na goyon bayan a yi gasa da manoman rani na Kadawa da masu shan ruwan Tamburawa. Akwai kondensa mai aiki da iska, manyan fankoki ne a ƙarƙashin rumfar bututu kamar lagireton mota, tana rage ɗan ƙarfi a lokacin zafi kuma ta fi tsada, amma ruwan da take buƙata kaɗan ne ƙwarai. Tashar sabon babban birnin Masar a tsakiyar hamada take kuma da irin wannan take aiki. In ta yi a can za ta yi a Kano.

Abin da ya fi taɓa zuciyata kuma shi ne ba dole ne duk tururin ya koma wuta ba. Majemun Challawa da Sharaɗa ruwan zafi suke nema, injinan shinkafa da suka cika hanyar Zariya da Haɗeja da Kura tururi suke nema na turara shinkafa da busar da ita, masu man gyaɗa da waken suya a Bompai, masu lemo, masu sarrafa tumatir, kowa da 'yar boilarsa yana ƙona baƙin mai ko dizal ko ɓuntu, ƙananan kuma itace, dazukanmu suna tafiya a bayan tirela. In aka dasa tasha kusa da unguwar masana'antu aka ja bututun tururi mai rufi zuwa gare su kamar yadda ake jan ruwa, amfanin gas ɗin yana iya kaiwa kashi 80, mai masana'anta ya samu wuta da tururi daga wuri ɗaya a farashin da zai iya gogayya da kayan waje. Da wancan injin sanyin kuma a yi ɗakunan ajiya, duk wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi yawa ya ga kwanduna suna ruɓewa a bakin titi ya san me nake nufi. Amma tururi ba ya tafiya mai nisa, 'yan kilomitoci ne ya huce, saboda haka inda za a ajiye tashar shi ne komai, tun ran gini tun ran zane. In aka kai ta can dajin da fili ya fi arha an rufe wannan ƙofar har abada. Gwamnonin Kano da Kaduna ma maganar ta shafe su, tunda dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, kuma fili a hannunsu yake.

Tashar Kudenda a nan Kaduna, megawat 215, tun 2009 aka ba da kwangilarta, tana zaune a tsakiyar unguwar masana'antu, duk ranar da gas ɗin AKK ya iso ta ita ce wuri na farko da ya kamata a gwada sayar wa maƙwabta tururi. Ta Maiduguri mai megawat 50 da NNPC ta gina aka buɗe a Maris ɗin 2023 bayan an daɗe ana kayar da turakun layin Damaturu, ita gas ɗinta a mota ake kai shi daga nesa, gas ne mai tsada ƙwarai, ita ta fi kowace cancantar a tatse zafinta har digo na ƙarshe.

Roƙona gare ku ranku ya daɗe, duk tashar da za a ɗora a kan AKK wadda za ta yi aiki dare da rana, a sa boila da injin tururi a cikin kwangila ɗaya da kuɗi ɗaya da injinan gas ɗin, kar a raba, kar NERC ta ba da lasisi sai da ranar da za a rufe ta a rubuce da tarar da za a biya in an wuce. Inda dole sai an fara da injin gas, to a bar filin boilar a bayansa, a sa ƙofar kaucewar tun ranar farko, a ja layin ruwa, a yi tiransifoma da wurin da janareta na uku zai shiga, don na ga tashar da aka gina ofis da wurin ajiye motoci daidai inda boila za ta zauna. NDPHC kuma ta zaɓi biyu daga cikin nata waɗanda gas ɗinsu ya fi tabbas, Geregu ta biyu tana ciki a ganina, ta fito da lissafin rufe su a bainar jama'a a nemi masu zuba jari a kai, su ɗauki kuɗinsu daga ƙarin wutar. In kuna buƙatar waɗanda za su zauna da injiniyoyinku su nuna musu inda boila take ciwo a yanayin ƙasar nan, mu tsofaffin ɗakin tururi muna nan Kakuri da Sharaɗa, a kira mu za mu zo.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin boila, Kaduna.